Zare: gudun asuba da lokacin wa ake yin sa?

1/ Zare ne mai tsawo, mai sauri ya wuce. Disamba ta shigo, hunturu ya sauka, na kuma fara ganin mazan Zariya suna ɗora hoton kambas da agogo: "kilomita 10 kafin rana ta fito, alhamdulillah." To yau matar ɗaya daga cikinku za ta yi magana. Wanda ya tsargu, da shi nake.

2/ Maganata guda ce. Magidancin da ke fita gudun asuba, rabin lokacin da yake kashewa na matarsa ne. Ara ya yi. Kuma yawancinku ba ku taɓa tambayar mai abin ba, balle a zo maganar biya.

3/ Kafin masu zagin 'yan gudu su fara tafi, ku dakata. Shekararmu 12 da aure, yara huɗu. A cikin birni muke, gidan gado, ba nisa da Ƙofar Kuyambana. Ni malamar firamare ce. Kuma ni ce na fara tura Abban yara gudun nan da bakina.

4/ Surukina shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi shekara uku kafin Allah Ya karɓi abinsa. Na ga juyi, na ga wanki, na ga yadda kuɗi ke narkewa. Ranar da likita ya ce jinin Abban yara ya hau, ban yi barci ba. Kambas ɗinsa na farko da kuɗin adashina muka saya, a gwanjon Sabon Gari.

5/ Ya sha dariya kam. 'Yan majalisa su ce "Malam, wa ya biyo ka?" Yara su bi shi da ihu. Wani dattijo ya tare shi bayan sallah ya ce girma ya faɗi. Na tsaya masa. Tumbi ya sauka, jini ya daidaita, har minsharin ya ragu. Ban taɓa nadamar kuɗin adashin nan ba.

6/ Saboda haka ku masu zaman benci daga la'asar har isha'i, shayi da suga cokali huɗu, kuna yi wa mai motsa jiki dariya: ba ku nake karewa ba. Ku ranarku daban, zarenku na nan zuwa. Yau da 'yan kambas nake.

7/ Mu yi lissafi. Kullum ku ce "ai awa ɗaya ce kawai." A dawo daga masallaci, a sauya kaya, a fita kafin shida. A haɗu a Ƙofar Doka, a jira wanda ya makara. A yi gudun. A miƙe jijiya. A yi hoto. A zauna wajen mai shayi a warware siyasar Najeriya. Sai takwas da rabi a yi sallama a gida.

8/ Ba a gama ba fa. Ruwan zafi, wanka, karin kumallo, sai "bari in ɗan miƙe." In ranar hutu ce, miƙewar nan sai kiran azahar. Da daddare kuwa ƙarfe tara an yi barci, wai gobe akwai fita. Hirar daren da ta rage mana bayan yara sun kwanta, ita ma gudun ya haɗa da ita.

9/ A cikin awannin nan me ke faruwa a gida? A hura gawayi cikin sanyin da ke yanka hannu. A dafa ruwan wankan yara huɗu. A shafe su da man kaɗanya saboda kaushi. A dama koko, a aika sayen ƙosai. A tsaya ƙofa a tsayar da mai ruwa, don famfonmu ya daɗe da manta aikinsa.

10/ A kai wa Hajiya ruwan ɗumi da kununta. Hajiya mahaifiyarsa ce, kuma ina yi da zuciya ɗaya, Allah Ya sani. Amma a rubuta shi cikin lissafin. Duk wannan ba ya tsayawa don wani ya fita neman lafiya. Wata ce ke ɗauke da shi, ita kaɗai.

11/ Wannan na ranakun yau da kullum ne. Disamba kuwa wata duniya ce. An rufe makarantu, yara na gida. Ga hutun 25 da 26, ga na 1 ga Janairu. 'Yan uwa na Abuja, Kaduna da Legas duk lokacin suke samun sarari, don haka kowa ya tura bikin 'yarsa cikin makonni biyun nan.

12/ Duk mai gidan gado a birnin Zazzau ya san ma'anar hakan: gidanka ya zama masauki. Katifa a falo, tabarma a zaure, tukunya lamba goma a murhu. Ga kamu, ga ɗaurin aure, ga walima, ga kai amarya, wani lokaci biki uku a mako guda.

13/ Su kuma 'yan gudu daidai lokacin suke ƙara nisa. Dalili? Gudun fanfalaki na Legas, wanda ake yi tun 2016, a Fabrairu yake zuwa. Disamba da Janairu ne watannin dogon atisaye. Wato makonnin da gida ya fi bukatarku, su ne kuka ware don ɓacewa.

14/ Bari in ba ku labarin bara. Ranar 25 ga Disamba, ba aiki. Ƙungiyarsu ta sa kilomita 21: su fita ta Wusasa, su zaga gindin Dutsen Kufena, su dawo. A ranar ne walimar 'yar yayarsa. Baƙi tara suka kwana a gidanmu, ban da mu.

15/ Autarmu tana da asma. Kwana biyu hazo ya rufe gari, ko hasumiyar masallacin unguwa da ƙyar ake hange. Wajen bakwai saura numfashinta ya fara fita da fito. Na shaƙa mata magani, shiru. Na sake, shiru. Ƙirjinta na shiga yana fita, ta kasa ko kuka.

16/ Na kira shi sau goma sha ɗaya. Wayar na aljihu an kashe mata ƙara, don kada a katse masa gudu. Makullin mota kuma yana cikin wandon da ke jikinsa. Na saɓa yarinya na fita da silifas, na bi lungu har bakin titi kafin na samu Keke Napep.

17/ Allah Ya taimaka, aka sa mata na'urar shaƙa a asibiti, numfashi ya dawo. Ina zaune a benci ina rawar sanyi, na buɗe waya don in sake kira, sai ga hotonsa a WhatsApp. Mutum takwas a gindin Kufena, an ɗaga yatsu, an rubuta "ba hutu ga mai himma."

18/ Wallahi ban yi kuka ba a lokacin. Kallon hoton kawai nake. Ƙarfe goma ya iso asibitin da gumi a jiki, fuska duk ta yi fari da ƙura, hankali a tashe. Ya ce "me ya sa ba ki kira wani cikinsu ba?" Yo ni na san lambar wa? Ƙungiyarku ce, ba tamu ba.

19/ Da yamma matar abokin gudunsa ta zo daga Wusasa da shinkafa da kaza, kamar yadda take kawo mana duk Kirsimeti, mu ma mu kai musu naman layya. Bahaushiya ce Kirista, kakanninta ma can aka haife su. Na ba ta labari. Ta ajiye kwano ta ce, "Yaya, ke ma?"

20/ Ita tun huɗu na asuba take kan girki. Ta soya kaji, ta yi wa yara uku wanka, ta sa musu sabbin kaya, ta kai su coci ita kaɗai. Ogan ya shigo an yi nisa da sujada, ya zauna a baya yana gyangyaɗi. Ranar Kirsimeti fa. Ranar da yaransa suka shekara suna jira.

21/ Nan na gane ba maganar birni da Wusasa ba ce, ba ta masallaci da coci ba. Hali ɗaya ne: namiji ya samu abu mai kyau, ya rungume shi, ya manta cewa wata ce ke riƙe masa gida yana yi. Yanzu mu zo kan uzurorinku, don na haddace su.

22/ Uzuri na farko: "ai lafiya nake nema." Madalla. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta ce baligi na bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi kamar gudu. A mako fa, ba a rana ba.

23/ Wato minti 30 sau biyar ya kai ka ma'aunin. Abin da ya haura, na hoto da shayi da kilomita 21, sha'awa ce. Sha'awa ba laifi ba ce, kowa na da tasa. Amma ka kira ta da sunanta, kada ka ɓuya bayan takardar likita. Kuma gudu cikin hazo mai kauri, huhunka bai gode maka ba.

24/ Sannan ma'aunin nan ba na maza kaɗai ba ne. Alƙaluman da hukumar ta fitar a 2024 sun nuna kusan kashi 31 cikin 100 na manya a duniya ba sa kai shi: mata kashi 34, maza kashi 29. Mu ne a baya. Ni ma tun haihuwar auta jinina ke hawa. Shi aka saya wa kambas, ni aka saya mini ƙwaya.

25/ Uzuri na biyu: "ai aikin gida ma motsa jiki ne." Eh, motsi ne, ban musa ba. To mu yi musaya mana, tunda duk ɗaya ne. Ka zauna ka motsa da wanke-wanke da surfe, ni in fita. Ka ga ka yi shiru? Don ka san abin da kake samu a waje ya wuce gumi.

26/ Kana samun iska, da shiru, da abokai, da awa biyu da ba wanda zai ce "Abba ruwa," "Abba ya doke ni." Kana dawowa da kai wasai. Wannan shi ne maganin na gaske, kuma shi ne matarka ba ta ɗanɗana ba tun ranar da aka kai ta ɗakinta.

27/ Uzuri na uku: Kipchoge. Kullum Kipchoge. Eh, ranar 12 ga Oktoba 2019 ya gama kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Vienna. Eh, yakan kwana a sansanin atisaye na Kaptagat yawancin mako, iyalinsa na Eldoret. Amma shi sana'arsa ke nan, da ita yake ciyar da gida.

28/ Kai kuwa kai ke biyan kuɗin rajista da na mota da na masauki, ka dawo da lambar wuya da ciwon gwiwa. Kuma abin da ba ku ɗorawa: a sansanin nan Kipchoge yana cikin jerin masu shara da wanke banɗaki kamar kowa. In koyi za ka yi da shi, ga tsintsiya nan bayan ƙofa.

29/ Uzuri na huɗu, wanda ya fi ba ni haushi: "da in je yawon banza fa? Ki gode Allah gudu nake." Haba Malam. Wato zaɓin da ke gaban matarka biyu ne, ko ka tafi ta hanyar banza ko ka tafi ta hanya mai kyau? Zama a taya ta ba ya cikin jerin?

30/ Ku je ku karanta labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i a Bukhari. Salmanu ya tarar da matar ɗan uwansa a hargitse, don mijin ya duƙufa azumi da tsayuwar dare. Ya taka masa birki, ya tuna masa Ubangijinsa na da haƙƙi, jikinsa na da haƙƙi, iyalinsa na da haƙƙi. Annabi (SAW) ya gaskata Salmanu.

31/ Nafila ke nan fa, ibada. In nafila ba ta isa ta cinye haƙƙin iyali ba, kambas ne zai isa?

32/ Uzuri na biyar: "mace ba ta gudu a cikin birni, ba al'adarmu ba ce." Garin da ke alfahari da Sarauniya Amina, ake kiran ganuwa da sunanta, shi ne mace ba za ta taka da sauri ba? Shekara nawa da aka ce kai ma girmanka ya faɗi don ka sa wandon gudu? Ka jure, aka saba.

33/ Ya zo a ruwayar Abu Dawuda da Ahmad cewa Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha a hanyar tafiya, ta wuce shi. Bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake, ya wuce ta, ya ce an rama. A ruwayar, sai da ya sa sahabbai suka yi gaba. Wato shi ya samar mata wurin da kansa.

34/ Ba wanda ya ce a fita ba sutura. Ina ganin mata da hijabinsu har ƙasa suna zagaye a filayen jami'a a Samaru da Kongo. Akwai tafiyar sauri, akwai tsallen igiya a tsakar gida. Abin da ya hana yawancinmu ba hijabi ba ne. Wa zai riƙe yaran? Amsar ke nan da ba ku son bayarwa.

35/ Uzuri na ƙarshe: "ai ba ta taɓa cewa komai ba." An raine mu da kawaici. Tun muna yara ake ce mana haƙuri, haƙuri. Mace ta ce "a dawo lafiya" ba yana nufin ta yarda ba. Ni shekara biyu ina cewa a dawo lafiya ina haɗiye abin a ciki. Laifina ke nan, na ɗauka.

36/ Mata, mu ma in juyo kanmu. Ɓoye masa kambas ba dabara ba ce. Kumbura fuska ba bayani ba ne. Zargin wai wata yake bi da asuba, alhali kin ga ya dawo ƙafa duk bororo, zubar da ƙima ne. Kada ki kashe abin da ke tsare masa rai. Ki nemi rabonki a ciki, da baki, a fili.

37/ Abin da na yi: ban yi yaji ba. Bayan baƙi sun watse na yagi takarda a littafin darasi, na raba gida biyu. Gefe guda abin da yake yi daga biyar da rabi zuwa tara, gefe guda abin da nake yi. Na ajiye masa kusa da kofin shayi na fita.

38/ Da farko cewa ya yi, "ke ma dai da son magana." Kwana uku ba mu yi wata hira ba. Hajiya ce ta tsinci takardar. Na zaci ni za a yi wa faɗa. Ta kira shi ta ce, "Kai, mahaifinka da ya kwanta, wa ya ɗauke shi? Wannan yarinyar in ta kwanta, wa zai ɗauke ku?"

39/ Ga abin da muka tsayar, ko wani zai amfana. Gudun cikin mako kwana uku, a dawo kafin bakwai da kwata, shayi a gida. Kafin ya fita ya hura wuta ya ɗora ruwan wanka. Waya a kunne, makullin mota a ƙusa. Lambar mutum biyu na ƙungiya tana wayata.

40/ Dogon gudu sau ɗaya a mako, kuma ana faɗa tun daren jiya. Ranar biki a dangi, ko yaro ba lafiya, ko baƙi sun kwana, babu shi. Makonni biyun ƙarshen Disamba kuwa kalandar biki ake fara dubawa kafin ta ƙungiya.

41/ Talata da Asabar nawa ne. Ni da maƙwabciyata muna tafiyar sauri minti 40 bayan gari ya fara haske, shi yana wanka da koko. Ranar farko ya sa wa auta rigar yayarta, kokon kuma ya yi gudaji. Aka sha a haka. Ba wanda ya mutu.

42/ Kada ku zaci kyauta aka samu. Atisayensa ya ragu, a Legas kilomita 10 ya yi maimakon 42 da ya ci buri. Har yau in an taɓo zancen sai ya yi shiru, na san yana masa ciwo. Wasu a ƙungiya suna kiransa mijin Hajiya. Sau biyu kuma ya karya alƙawari muka sake zama.

43/ Ni ma na biya nawa. Wata tsohuwa a unguwa ta aiko a tambaye ni ko lafiya nake yawo da sassafe kamar marar miji. Na ce a gaya mata lafiyar nake nema. Awon jinina na watan jiya shi ne mafi kyau tun haihuwar auta.

44/ Ku shugabannin ƙungiyoyin gudu na Zariya, na birni, na Tudun Wada, na Sabon Gari, na Samaru: wanda ya sa kilomita 21 a safiyar Kirsimeti ko safiyar Sallah, ko dai gwauro ne ko bai damu ba. Ku duba kalanda. Ku daina yi wa wanda ya ce "yau gida na bukatata" tsiya.

45/ Himmar da kuke rubutawa ƙarƙashin hoto, tashi da asuba cikin jaura, ba ku kuka ƙirƙiro ta ba. Matanku da iyayenku mata sun riga ku tashi, kullum, ba agogo ba lambar wuya. Ku dai kun samu kyamara.

46/ Masu shirin shigo mini da "kin tona asirin mijinki": ya karanta zaren nan kafin in ɗora. Abu ɗaya ya ce in gyara, wai kiran sau tara ne ba sha ɗaya ba. Na nuna masa wayar. Sha ɗaya ne.

47/ Yau da daddare, kafin ka amsa "in sha Allah ina nan" a ƙungiya, ka juya ka tambaye ta me ke gabanta gobe da safe, kuma wace rana take so ta zama tata. Ka saurari amsar har ƙarshe. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya a gidajenmu. Ku tura wa 'yan kambas ɗin gidanku. Na gama.